Muryar Malamin Kimiyya: Daga ina rabin nan na 35.5 ya fito?

An rubuto wannan murya saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Assalamu alaikum, 'yan aji huɗu na nan Gusau da sauran masu bin mu a wannan zaure. Na saurari tambayar ɗiyata ta jiya da dare. Ta ce an koya musu furoton da niyutiron ƙirga su ake yi ɗai-ɗai, to yaya aka yi nauyin kulorin, sinadarin nan da ke cikin gishiri, ya zama 35.5, ko akwai rabin niyutiron ne? Allah ya yi miki albarka, wannan tambaya ce ta mai karatu da hankali. Babu rabin niyutiron. Amma bari mu faro daga tushe.

Duk abin da ke da nauyi kuma ya tare wuri, shi muke kira mata a kimiyya, wato matter da Turanci. Dutse, ruwan randa, har iskar da bakanike ke ɗura wa taya. In kika yi ta rarraba shi, ƙarshe za ki isa ga ƙwayar zarra, wato atam. A cikinta abu uku ne. Furoton mai caji na ƙari da niyutiron marar caji suna dunƙule a cibiya, ilektiron mai caji na ragi yana kewaye daga waje. Nauyin kusan duk yana cibiya, don sai an tara ilektiron kusan 1,840 kafin su kai furoton guda. Masanin kimiyya Rutherford ne ya gano cibiyar a 1911, bayan an harba ƙananan ƙwayoyi a kan siririn fallen zinare. Mafi yawa suka wuce abinsu kamar babu komai a gabansu, 'yan kaɗan suka dawo baya. Nan ya gane zarra kusan duk fili ce, cibiyar kamar ƙwayar dawa a tsakiyar filin ƙwallo. Niyutiron kuwa sai 1932 wani masanin mai suna Chadwick ya gano shi.

Yanzu ki riƙe wannan da kyau, don komai a kansa ya rataya. Yawan furoton shi ne sunan sinadari. Shi ake kira lambar zarra. Mai furoton 79 zinare ne, mai 80 zaiba ce, mai 82 dalma ce. Ki duba fa, furoton uku kacal ne tsakanin zinaren da ake nema a ramukan Anka da dalmar da ke fitowa tare da shi a dutse guda.

Mu 'yan Zamfara wannan ba karatun allo kaɗai ba ne gare mu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, Allah ya jiƙansu. Ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙura ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Niƙa ba ya kashe zarrar dalma, wanki ba ya kashe ta, wuta ma ba ta kashe ta, sai dai ta tashi daga nan ta koma can. Shi ya sa gyaran da aka yi sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Haka zaibar da ake kama zinare da ita. In an ƙona dunƙulen, zaiba tana tafasa a digiri 357 na ma'aunin Salsiyas, zinare kuwa ba ya narkewa sai 1,064, don haka ita ke tashi ta bar shi. Ba ɓacewa ta yi ba, tururi ta zama, mai ƙonawa da na kusa da shi suke shaƙa. Don Allah ku gaya wa na gida.

To mu dawo ga kulorin. Furoton ɗinsa 17 ne, ko a ina aka same shi. Niyutiron ne ke iya bambanta. Wani yana da 18, ki haɗa da 17 ya ba ki 35. Wani yana da 20, ya ba ki 37. Wannan jimillar ita ce lambar nauyi, kuma irin waɗannan 'yan uwa masu furoton ɗaya da niyutiron daban su ne aisotof. A cikin kowace zarra huɗu ta kulorin, kusan uku masu 35 ne, ɗaya mai 37.

Ki ɗauka ɗan kasuwa ya auna buhu huɗu na gero. Uku kowanne kilo 35, na huɗun kilo 37. Uku sau 35 ya ba da 105, a ƙara 37 ya zama 142, a raba gida huɗu, kilo 35.5 ke nan. Akwai buhun da ya auna 35.5 a cikinsu? Babu ko ɗaya. Matsakaici ne. A takardar WAEC ko NECO da kashi cikin ɗari za su ba ki, sai ki ce 35 sau 75 ya ba da 2,625, 37 sau 25 ya ba da 925, jimilla 3,550, ki raba da 100.

Inda yara ke faɗuwa shi ne su haɗa 35 da 37 su raba biyu, su sami 36. Kuskure ne, don ba daidai suke da yawa ba. Dole amsar ta karkata wajen wanda ya fi yawa, kuma da wannan za ki iya duba aikinki tun kafin ki miƙa takarda. Na biyu, in an ce ki nemo niyutiron, kada ki cire 17 daga 35.5. Daga lambar nauyin aisotof ɗin da aka ba ki za ki cire.

Akwai na uku, shi ya fi damuna. Gishirin miya sodiyam ne da kulorin. Sodiyam yana da ilektiron 11, an jera su 2, 8, 1. Kulorin 2, 8, 7. Sodiyam ya ba da guda ɗayan nan na waje, kulorin ya karɓa ya cike takwas. Sai yaro ya ga alamar ƙari a kan sodiyam ya rubuta furoton 12. A'a, ba ƙara masa furoton aka yi ba, ilektiron ya rasa, saura 10, furoton na nan 11. Da ya zama 12 ai ya tashi daga sodiyam ya koma maganiziyam. Haɗuwar sinadarai duk a ilektiron na waje take ƙarewa, ba ta taɓa cibiya.

Ga aiki, ɗiyata, ke da sauran. Boron yana da furoton 5 da aisotof biyu, mai nauyi 10 kashi 20 cikin ɗari, mai nauyi 11 kashi 80. Ku nemo niyutiron na kowanne da matsakaicin nauyin. Kowa ya yi a littafinsa ya ɗauki hoto ya turo kafin sallar isha'i gobe, kuma ina son ganin yadda aka bi lissafin, ba amsa tsirara ba. Wassalamu alaikum.