Ga mai tambaya kan zama a Omaha: shanu da jirgin ƙasa ne suka zana garin

Salamu alaikum. Malam, na ga tambayarka tun jiya, cewa ka samu aiki a wani asibiti a Omaha ta jihar Nebraska, amma abokai suna ta tsorata ka wai ƙauye ne a tsakiyar gonakin masara, kana son sanin ko wuri ne da mutum zai zauna da iyali. Shekara tara na yi a can kafin aiki ya mayar da ni wata jiha, don haka bari in sa baki.

Batun masara gaskiya ne, kana fita bayan gari sai gona iya ganinka. Amma ƙauye kam a'a. Ƙidayar 2020 ta ba birnin mutum 486,051, idan kuma ka haɗa da garuruwan kewaye, har da Council Bluffs da ke tsallaken kogin Missouri a jihar Iowa, ana maganar kusan miliyan ɗaya.

Abin da na so a ce wani ya gaya mini tun farko shi ne tarihin garin, don shi zai nuna maka inda za ka nemi gida. An kafa Omaha a 1854. A ƙarshen 1863 aka fara aikin layin dogo na Union Pacific daga nan zuwa yamma, wanda ya haɗe da wanda ya taso daga Kalifoniya a 1869, kuma har yau hedikwatar kamfanin tana garin. Da jirgi ya samu, sai shanu suka biyo baya. A 1883 aka kafa babbar kara a kudancin gari, mayanka suka kewaye ta, har a 1955 ta ƙwace wa Shikago kambun kasuwar dabbobi mafi girma a duniya. An rufe karar a 1999, amma dogon benen jan bulo da dillalai ke zama, wanda aka gina a 1926, yana nan tsaye. Tsofaffin unguwar kan ce da a wancan zamanin ka zo, hancinka zai riga idonka sanin ka iso.

Kudancin Omaha har gobe unguwar ma'aikatan nama ce. A da, 'yan Cek da 'yan Polan da 'yan Ayalan ne, yanzu idan ka bi titi na 24 Sifaniyanci za ka fi ji, sannan ga 'yan Sudan ta Kudu masu yawan gaske da Somaliyawa a cikin masana'antun. Ni ma wata biyar na yi a ɗaya daga ciki lokacin da na sauka. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin firji, ka sa safar ƙarfe a hannun hagu, wuƙa a dama, nama yana zuwa a kan bel ba ya jiran kowa. Da asuba yatsuna ba sa lanƙwasuwa sai na tsoma su a ruwan ɗumi kafin in iya alwala. Kuɗin ya rufa mini asiri, ban raina ba, amma duk wanda ya ce maka aikin banza ne bai taɓa riƙe wuƙar ba.

Arewacin gari kuma labarinsa daban. Baƙaƙen fata da suka taso daga kudancin Amurka neman aikin mayanka a nan aka takure su, bankuna suka ƙi ba da bashin gida a unguwar shekara da shekaru. A nan aka haifi Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, a 1925. Shekara shida kafin nan, a 1919, gungun fararen fata suka cinna wa kotun gari wuta, suka fito da wani baƙar fata mai suna Will Brown suka kashe shi. Tabon bai gama warkewa ba, za ka gan shi a bambancin gidaje da shaguna tsakanin arewa da yamma. Unguwar ce ta yi ta zaɓen Ernie Chambers, wanda asalinsa mai aski ne, ya yi shekara 46 a majalisar jiha yana hana manya barci. Sai a 2025 aka zaɓi baƙar fata na farko a kujerar magajin gari, John Ewing, bayan ya kayar da Jean Stothert da ke kai tun 2013.

Kuɗi suna yamma, amma masu kuɗin Omaha ba su da fankama. Hamshaƙin attajirin nan Warren Buffett har yanzu yana gidan da ya saya dala 31,500 a 1958. Na sha wucewa ta ƙofar, wallahi in ba a nuna maka ba ba za ka waiwaya ba. Farkon watan Mayu ne kawai za ka san akwai shi, lokacin taron masu hannun jarin kamfaninsa, Berkshire Hathaway, otal-otal su cika, kuɗin ɗaki ya yi tashin gwauron zabi. Ga Mutual of Omaha na inshora, ga Kiewit na gine-gine, ga sansanin sojan sama na Offutt a Bellevue. Ta fannin lafiya kuwa, cibiyar likitanci ta Jami'ar Nebraska na cikin 'yan wuraren da aka kai masu cutar Ebola daga Afirka ta Yamma a 2014. Aiki dai akwai. Sai dai kada ka yabi kamfanin abinci na ConAgra a gaban ɗan gari: a 1989 aka rushe musu unguwar tsofaffin rumbunan kaya sukutum don kamfanin ya gina hedikwata, a 2015 ya sanar da komawa Shikago. Har yau abin na yi musu ciwo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne harkar mulki. Wutar lantarki a duk jihar ta jama'a ce, ba ta 'yan kasuwa ba, kuma shugabannin hukumar wuta da na ruwa da gas zaɓensu ake yi. Maƙwabciyata, wata tsohuwar malamar firamare, ta taɓa jana zuwa zaman hukumar makarantu kan batun motar ɗaukar yara. Aka ba ta 'yan mintuna ta tsaya ta karanta ƙorafinta daga takarda, hannunta na rawa, manyan suna rubutawa. Majalisar jiha da ke Lincoln, babban birnin jihar, guda ɗaya ce tal, babu ta dattawa da ta wakilai, mambobi 49, kuma ba a rubuta jam'iyya a gaban sunan ɗan takara. A zaɓen shugaban ƙasa Nebraska na raba ƙuri'unta bisa mazaɓa, shi ya sa mazaɓar Omaha ta bi Obama a 2008, Biden a 2020 da Harris a 2024, alhali sauran jihar na hannun 'yan Rifablikan. Kukan da ba ya ƙarewa shi ne harajin gida, ka lissafa shi da kyau kafin ka yi sha'awar saye.

Ta wajen addini ba za ka yi maraici ba. Akwai masallatai, akwai shagunan naman halal, har ma da wani fili a yammacin gari da masallaci da coci da wurin ibadar Yahudawa suke maƙwabtaka da gangan.

Mota dole ce, kada wani ya ruɗe ka da bas. Sanyin Janairu ba wasa ba ne, iska ce ke tahowa daga fili babu dutsen da zai tare ta, ka sayi rigar sanyi ta gaske a can, kada ka ɗauko daga gida. Da bazara kuma guguwa, ta Afrilun 2024 ta kwashe gidaje a Elkhorn da ke yammacin gari. Idan ka ji jiniya sararin sama kuma ya yi duhu, ku sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa kai da yara, saboda haka ka tabbatar gidan da za ka kama yana da shi.

Faɗa mini ta wane ɓangaren gari asibitin yake da shekarun yaranka, sai in gaya maka unguwannin da za ka fara dubawa. Allah ya sa a je a sa'a.