Amsa: yawon ƙafa da hunturu a Sussex

'Yar'uwa, kin tambaya ko ya dace baƙuwa ta bi rukunin masu yawon ƙafa a Sussex, yankin kudancin Ingila, da wannan sanyin. Ki bi, amma mai jagora. Ramblers, ƙungiyar masu yawon ƙafa ta Birtaniya, na shirya irinsa.

Hanyar Seven Sisters, jerin duwatsun alli a bakin teku, tsakanin Seaford da Eastbourne kyakkyawa ce, sai dai iskar teku na kaɗawa sosai, kuma bakin dutsen allin yana zaftarewa, kada ki matsa don hoto. In iska ta yi yawa, dajin Friston da ke kusa ya fi, amma taɓonsa na cafke takalmi har idon sawu, sai da dogon takalmi, wato but.

A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 4, La'asar a hanya za ta same ki. Ki tafi da alwala da shayi a fulas.