Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya kan aikin bazara a gida da gonar gado

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya albarkaci abinda ya bari. Na karanta tambayarka, kace ka gaji gida da gona a wajen Ɗambatta, kai kuma a cikin birnin Kano ka tashi, bana ne karon farko da za ka riƙe noman da kanka, gashi mun shiga Afrilu kana so ka san me ake yi kafin ruwa ya sauka, sannan iyalinka suna tsoron macizai. Naga mutane da yawa a zauren nan sun ce ka nemi takin zamani da iri mai kyau, ba laifi, amma gaskiya ni a ganina ba nan ne farko ba. Ni ma a wannan yankin nake noma, tsakanin Kazaure da Roni, ƙasarmu da taku kusan ɗaya ce, jigawa ce mai rairayi. Buhun taki ko a watan Yuni in da kuɗinka za ka saya, amma akwai ayyukan da in ruwa ya sauka baka yi su ba to sai baɗi, su nake so ka sa a gaba.

Ka fara da gidan tukunna. Hadarin farko a wajenmu iska ta fi yawa a cikinsa ba ruwa ba, za kaga da la'asar gabas ta haɗe tayi ja ko baƙi ƙirin, gari yayi tsit ko ganye baya motsi, sai kawai ƙura ta taso ta rufe ko'ina, kuma kusan kullum daga gabas take bugowa shi yasa za kaga bangon gabas ya riga sauran zaizayewa. In rufin kwano ne ka hau da sassafe kafin yayi zafi ka bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, musamman na kusurwa da na baki, don ta nan iska ke samun shiga ta ɗaga rufin gaba ɗaya har da katakon, kuma ka duba ko an ɗaure katakon da bango da langa-langa, in ba a yi ba ka sa kafinta yayi, ɗora bulo ko tsohuwar taya a sama taimako ne kawai. In kuma soro ne to nan aikin yake. Ka duba duk inda ya tsage, ka zura sanda cikin kowane indararo domin tsuntsaye da ƙadangaru suna cika shi da ciyawa da ƙasa duk rani, in ya toshe ruwa ya kwana a kan soro azara ta jiƙe to wallahi rufin zai iya zama a kan mutane suna barci, kusan duk damina sai mun ji irin wannan labarin. Daga ciki ka ƙwanƙwasa azarar da sanda, wadda gara ta cinye za ka ji sautinta daban, fanko ne. Ka nemi magini tun yanzu ayi yaɓe, a kwaɓa ƙasar da ramno a barta ta kwana biyu ta ruɓa kafin a shafa, in an samu makuba a bi sama da ita ya fi, kuma yanzu ne lokacinta tunda ɗorawa ta nuna. In ka bari sai Mayu magini zai yi maka wuyar samu, kowa na nemansa. Jinkar rumbu ma a duba, rariyar gida a buɗe ta, reshen darbejiya da ya rufo kan ɗaki a sare shi, itace ne mai saurin karyewa in iska ta zo.

Sai taki na gida. Duk abinda ke turken awaki da garken shanu da akurkin kaji da juji da tokar murhu, a kwashe a kai gona yanzu da hanya take bushe, amalanke ko jaki da mangala, a zuba tuli-tuli, kar a baza shi tun yanzu rana ta ƙone shi iska ta kwashe, sai ruwa ya kusa a baza. Ka sa a tsince leda da tsumma da batir a cikin na juji. Kuma ka tambayi wanda ya saba yiwa Baba aiki ya nuna maka inda gonar ta gaji, galibi inda ciyawar wuta-wuta ke fitowa da yawa, nan za a fi zubawa. In akwai Fulani kusa da ku da kuka saba dasu, ka roƙi su kwana da shanu a gonar na ɗan lokaci suna matsawa daga nan zuwa can, ka basu hatsi ko dusa yadda aka saba, a ƙasar rairayi irin tamu takin zamani shi kaɗai ruwa ne ke wanke shi ya wuce ƙasa in babu na gida da zai riƙe shi.

Sharar gona kuma dan Allah kar ka ba 'yan ƙwadago umarnin su share komai su cinna wuta, don in ka barsu haka za suyi, ya fi musu sauri. A tone tushiyar dawa da ta gero, a tara karan da ya rage a kai gida ko a ƙone shi a tuli ɗaya saboda tsutsar kara a ciki take kwana duk rani, amma ganye da ƙananan tarkace a barsu a ƙasa. Sabara da kalgo da ɗan gawo da suke tofowa daga kututture kar a sare duka, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari a sassabe sauran, shekara kaɗan sun zama itace. Manoman Maraɗi sun rungumi wannan tun wajajen shekarun 1980, duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram yaga yadda gonakinsu suka cika da itatuwa, kuma ruwansu bai kai namu ba. Gawo kam ko an ce ka sare kar ka yarda, da damina yake zubar da ganye saboda haka baya yiwa shuka inuwa, da rani kuma ga ganye ga 'ya'ya na dabbobi, ka lura da geron da ke ƙarƙashinsa bana za ka ga bambanci da idonka. In za a sa wuta a sa da sassafe ko da yamma liƙis lokacin da iska ta kwanta, kuma a duba ko akwai amya ko zuma a kogon kuka kusa, ƙudan zuma a wannan zafin faɗa gare su.

Maganar macizai, tsoron iyalinka yana kan hanya, amma abu ne da ake iya kiyayewa. A cikin zafin nan suna neman sanyi ne da ɓeraye, saboda haka inda za ka same su shine ƙarƙashin tulin kara, bayan randa, gindin rumbu, tsohon bulo da aka jibge, ramin gafiya da tsohuwar suri. Gidan da aka daɗe ba kowa a ciki sai an kwashe komai an fitar waje an share, a toshe ramuka, a matsar da kara da itacen girki nesa da ɗakin kwana. Duk tulin da za a ɗaga a fara juya shi da doguwar sanda ko manjagara, kar a sa hannu. Wadda ta fi kashe manoma a arewa kububuwa ce, 'yar ƙarama ce kalar ƙasa, bata gudu, naɗewa take tana goga jikinta yana wani sauti shuu, kuma sharrinta shine mutum zai ga kamar ba komai a ranar farko sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi ko ta wurin saran ya ƙi tsayawa. Kasa ita kuma kwanciya take a hanya bata motsi sai an taka ta. Gamsheƙa tana bin ƙwai da 'yan tsaki har akurki, tana feso dafi a ido, in ta fesa a wanke da ruwa mai yawa nan take a tafi asibiti. In Allah ya kawo tsautsayin sara, kar a tsaga, kar a tsotsa, kar a ɗaure tamau da igiya ko roba, a cire zobe ko awarwaro, a hana wanda aka sara tafiya da ƙafarsa a ɗauke shi a kai asibiti. Allurar kashe dafi ce magani, kuma ba kowane asibiti ke da ita ba, to tun yanzu ka bincika wanne ne mafi kusa da ku da ke ajiye ta ka riƙe a ranka. Na Kaltungo a jihar Gombe shine ya shahara da wannan aikin amma yayi muku nisa. Ka sayi takalmin roba dogo na shiga gona da tocila mai kyau, ba mai fita da dare ba haske ko da zagayawa ne. Kunama ma yanzu ne lokacinta, tunda zafi zai kore ku waje da dare, a kwana a kan gado da gidan sauro ba a tabarma a ƙasa ba, a kaɗe takalmi da safe, babba zai sha azaba ya warke amma in ta harbi ƙaramin yaro a kai shi asibiti. Kuma kwanan wajen ya fi cunkushewa a ɗaki ɗaya ba taga a wannan watan na sanƙarau.

Ba duk abinda ke motsi bane abokin gaba fa. Bushiya da ke yawo da dare ƙwari take ci, mujiya ɓera take kamawa duk da abinda mutane ke faɗa a kanta, kyanwa ɗaya a gida tana rage ɓera, in ɓera ya ragu maciji ma ya rage zuwa. Shamuwa kuma in ka ganta ta dawo tana ɗaukar tsinke tana sheƙa a kan tsamiya ko kukar cikin gari, ka hana yara jifanta, fara take ci, kuma zuwanta alama ce damina ta matso.

In Baba ya bar dabbobi, yanzu ne suka fi shan wuya, harawa ta ƙare daji ya bushe, ka tanadi dusa da ƙaiƙayi da kanwa, ruwan sha kar ya yanke kuma a inuwa. Ka kula da leda, yunwa na sa su haɗiye ta. Da ruwan farko ya sauka ɗanyar ciyawa ta tsiro kar a sake su da yunwa su cika ciki da ita, zawo da kumburin ciki take kawowa, a fara basu busasshen abinci da safe, gyauron dawa kuma kar su kusance shi sam, yana kashe dabba cikin ɗan lokaci. Ka kira malamin dabbobi ya basu maganin tsutsar ciki da rigakafi. Zabi in akwai su da farkon damina suke fara ƙwai kuma a ɓoye cikin ciyawa, sai an sa yaro ya bi sawunsu, a kwaso a sa wa kaza ta kwanta. Rijiya in tana son yasa yanzu ne da ruwa yayi ƙasa, amma ka kira masu sana'ar, da igiya a ƙugu da mutane a sama, kuma kar a taɓa saukar da injin ban ruwa mai fetur cikinta, hayaƙinsa ya kashe mutane da yawa, wani ya shiga ceto shi ma ya tafi.

Yanayin kuwa, Afrilu zafi zai haura digiri 40, aiki daga asuba ne zuwa hantsi sai kuma bayan la'asar. Za ka ji lokacin da iska ta juya ta fara zuwa daga kudu maso yamma, zafin ya koma na gumi, kuka da tsamiya su fara sabon ganye. Daga nan za a iya samun ruwa ɗaya a Mayu, ƙasa tayi ƙamshi, da dare shinge ya cika gindin fitila yara suna kamawa a kwano da ruwa, kwaɗi su fara, washegari ka ga wasu sun fita da sungumi. Kar wannan ya ruɗe ka. Mutanen Zariya su suna iya shuka a Mayu, mu nan arewacin Kano sai cikin Yuni ruwa ke zama, wata shekarar har ƙarshensa, kuma sau da yawa bayan ruwan farkon nan sai ayi sati biyu ko uku ba ɗigo, tsiron ya ƙone. Ka tona da hannu bayan ruwa, in danshin bai wuce tsawon tafin hannunka ba ba ruwan shuka bane. Gero yana da haƙuri kuma irinsa ba tsada, shi yasa wasu ke yin binne tun kafin ruwa, in ya kama sun riga kowa in bai kama ba su sake, amma masara da gyaɗa da irin da ka saya da tsada ka jira ƙasa ta sha sosai. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, ana faɗa a rediyo, ka haɗa shi da abinda dattawan garin suka ce. Irin da ke rumbun Baba ka gwada shi tukunna, ka ƙirga ƙwaya 20 ka naɗe a jiƙaƙƙen buhu ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa, in mafi yawa sun tsiro shikenan. Ka cuɗa shi da maganin iri irin su Apron Star yadda aka rubuta a fakitin, ka ajiye nesa da yara da kaji. In kana son mai saurin nuna ka tambayi malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano, geron SOSAT ko gyaɗa SAMNUT 24. Kurege da fakara za su bi layi suna tonon iri, saboda haka ka ajiye na ƙari.

Kafin duk wannan ya kankama, ka ɗauki ƙanin Baba ko mai unguwa da maƙwabtan gonar ku zagaya iyaka tare da ƙafa, yanzu da fili yake tas ana ganin komai, a nuna maka kututture da gamba da duk alamar da aka sani, da inda burtali ya bi don kar ka noma hanyar shanu. In damina ta zauna sai ka dasa gamba ko jema a kan iyakar. Ka gaya mana kuma ko gonar tana da ɓangaren fadama, don in akwai aikinta daban ne.