Ƙanwata, kada ki ba dillalin nan ko sisi

Ƙanwata, na ga saƙonki. Kin ce shekararki uku a ɗakin haihuwa a Kano, kina da takardar nas da ta ungozoma, kuma wani dillali ya ce in kin biya shi zai samo miki aikin kula da tsofaffi a Ingila, in kin shigo sai ki lallaɓa ki koma asibiti.

Kada ki ba shi ko sisi. Tun watan Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta daina ba masu irin wannan aiki biza daga waje. Tun Maris ɗin 2024 ma aka hana su zuwa da miji da 'ya'ya. Ƙofar da yake sayar miki a rufe take.

Hanyarki ita ce rajista da NMC, hukumar nas-nas da ungozomomi ta nan Birtaniya. Za ki ci jarrabawar Turanci, ko IELTS da maki 7, rubutu kuwa 6.5 ya isa, ko kuma OET. Sai jarrabawar kwamfuta da ake kira CBT, wadda za ki iya yi a Najeriya. Ki zauna ki rubuta abarki da kanki, don a 2023 an gano maguɗi a wata cibiya a Ibadan, har waɗanda ba su ji ba ba su gani ba sai da aka sa su sake rubutawa. Ta ƙarshe OSCE ce, ta gwajin aiki, a nan ake yin ta, zango goma. Najeriya tana cikin ƙasashen da aka hana asibitocin nan zuwa ɗibar ma'aikatan lafiya, amma ba a hana ke ki nemi aiki da kanki ba.

Ki tsaya ki yi tunani kan rajistar da za ki nema, domin a nan ta nas daban, ta ungozoma daban. In kin shigo da ta nas, ba za ki karɓi haihuwa ba ko da kin karɓi dubu a gida. Ni da ta nas na shigo saboda aikinta ya fi samuwa, na shekara biyu a sashen masu shanyewar ɓarin jiki ina kewar kukan jariri, kafin na sake zama jarrabawa ta ungozoma.

Ba na jiye miki ta fannin hannu. Wadda ta tsaya kan mai jijjiga da tsakar dare, ta saba gane zubar jini tun kafin a auna, ta riga ta ƙware. Abin da zai ba ki wuya shi ne neman izini. A makon farko na ɗora hannu a cikin wata mata don in ji kwanciyar ɗa, kamar yadda muka saba a wajen awo, ban tambaye ta ba. Babbarmu ta ja ni gefe, kuma gaskiyarta ce. A nan mace ce ke da ta cewa a jikinta. Ba a jiran sa hannun miji kafin a shiga da ita tiyata, kuma in ta ƙi abu bayan kin yi mata bayani, sai ki rubuta ki ci gaba da kula da ita ba tare da tsawa ba. Rubutun nan kuwa kada ki raina shi: abin da ba ki rubuta ba, a wurinsu ba ki yi shi ba.

Abin da na fi so a aikin shi ne bin mai jego gida. A rana ta biyar muna ɗan tsaga dunduniyar jariri mu ɗauki jini, a duba cututtuka har da sikila. A irin wannan ziyara nake haɗuwa da 'yan uwanmu, mace ta haihu babu uwa babu goggo, ba mai dafa mata ruwan wanka, miji ya koma aiki. Wata da ta ji na yi mata barka da Hausa sai ta fashe da kuka. Nakan zauna mu yi maganar wankan jego, in ce ta rage zafin ruwan, ta kuma yi hankali da kunun kanwa saboda zuciya da hawan jini. Ki kuma sani, kaciyar mata laifi ce a dokar nan, kuma tun 2015 wajibi ne ungozoma ta sanar da 'yan sanda in ta gan ta a jikin yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba.

A 2025 albashin farko ya kai kusan fam 31,000 a shekara kafin haraji. Kada ki juya shi zuwa naira ki yi murna, haya da wuta da kuɗin renon yara za su cinye kaso mai yawa.

Ki fara da Turancin, shi ya fi kayar da mutanenmu, musamman rubutu. Ki gaida min Umma, ki kuma faɗa min wace rajistar kika zaɓa in turo miki abin da na yi karatu da shi.