Allon mamaci cikin gilashi: amsa ga Kawu a Maradi

Kawu, gaisuwa mai yawa, da fatan iyali suna lafiya. Ka tambaya me ya sa Hausawan Faransa suke sa allon mamaci cikin gilashi su rataye a falo kamar hoto, alhali a Maradi jikoki ake miƙa wa su ci gaba da karatu.

Saboda yaran da aka haifa nan ne. Yawancinsu ba su ga jana'izar kakansu ba, ba su zauna zaman makoki ba, kabari kuma yana nesa. Allonsa kaɗai za a iya nuna musu. Sai dai ba kowane kaya muke mayarwa ado ba. Alƙur'ani karanta shi ake yi, carbi ja ake yi. Abin da ake ratayewa allon zayyana ne, na sauka, wanda ko a gida ba a wanke shi. Ba a kuma ɗauko shi sai an raba gado, magada duka sun yarda, har da ƴaƴa mata. Wanda ya saka shi cikin jaka a ɓoye ya ci haƙƙin ƴan'uwansa, komai son da yake yi wa mamacin.

A wajenku gara ce abin tsoro, a nan kuwa na'urar ɗumama ɗaki. Lokacin sanyi tana busar da iska, itacen aduwa ya tsuke, allon ya tsage tun daga wuya. Don haka ana nisanta shi da ita, ana son danshin ɗaki ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Tawadar gawayi da ƙaro ruwa ke narkar da ita, shi ya sa ba a kai mata jiƙaƙƙen tsumma, sai buroshi mai laushi a bushe. Ana barin tazarar santimita 1 tsakanin gilashi da rubutu, in ba haka ba raɓa ta taru, ƙaron ya manne, ranar da aka buɗe, aya ta bi gilashin. Ƙusa ba ta shiga jikin allo, ƴan maƙalai ne suke riƙe shi ta gefe. Rana kuma tana kashe ja da ɗorawa na zayyanar.

Tun da ayoyi ne, ana ɗaga shi sama da kai, ba a jikin bangon makewayi ba.

Buzun salla ya fi wuya, don asu na cin gashinsa. Ana ƙulle shi cikin leda, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda ko biyu, a bar shi ya huce cikin ledar kwana ɗaya kafin a buɗe. Gafaka ba a shafa mata mai, ba a ajiye ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, fumfuna za ta cinye fatar.

In masu baje kolin fasaha suka nemi aro, sai da yarjejeniya a rubuce: ranar mayarwa, tsayin da za a rataye shi, da takarda a gefensa mai ɗauke da sunan mai allon da garinsu.