Kitse ko rogo: amsoshi ga masu sharhin anime na shekarar 2021

Tambayoyin wannan karon sun fito ne daga matasan da ke rubuta sharhin finafinan zane na Japan da Hausa. Sun ɗauki shekarar 2021 suna waiwaye a kanta, suna son fitar da wanda ya ciri tuta da wanda ya ba su takaici, sai kalmomi da karin magana suka riƙa yi musu gardama. Na haɗa masu kama da juna wuri guda.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce: "Malam, Allah ya ƙara basira. Me za mu kira anime da Hausa, zanen barkwanci ko katun? Kuma yaya za mu raba sassansa?"

Ɗana, ka bar zanen barkwanci ga masu zanen jarida da ke tsokanar 'yan siyasa. Yawancin abin da kuke sharhi a kai babu barkwanci a cikinsa, wasu ma ba na yara ba ne sam. Katun ta karɓu a bakin mutane, amma tana kai tunanin mai karatu ga shirin ƙananan yara. Kalmar anime kuwa ta zauna daram a tsarin gaɓar Hausa: a-ni-me, kowace gaɓa ta ƙare da wasali, ba abin da za a gyara. Ka rubuta ta haka, ka ba ta jinsin namiji kamar fim: anime ɗin nan ya yi kyau. In mai karatunka baƙo ne ga harkar, ka ce masa fim ɗin zane na Japan sau ɗaya, ya wadatar. Sassa kuma masu finafinanmu masu dogon zango sun riga sun share hanya: zango da kashi. Tashoshin Japan suna buɗe sababbin shirye-shirye sau huɗu a shekara, a Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, zango guda yakan ɗauki kashi 12 ko 13, kowane kashi kimanin minti 24.

Wata malamar makaranta daga Katsina ta ce ta rubuta cewa Attack on Titan ne zakaran gwajin dafi na shekarar, ƙanenta ya ce ta yi kuskure. Wa ke da gaskiya?

Malama, ƙanenki ya fi kusa da gaskiya. Dafi shi ne gubar da maharba da mayaƙa ke shafa wa bakin kibiya. In an harhaɗa shi, sai a samo zakara a gwada a kansa, a ga ko ya yi ƙarfi kafin a fita da shi daji. Zakaran gwajin dafi ke nan: wanda aka fara gwada abu a kansa, wanda sakamakonsa zai nuna wa na baya abin da za su tarar. Ba ya cin gasa, shi ake sa wa a gaba. Na san 'yan jarida sun daɗe suna amfani da ita da ma'anar fitacce ko abin koyi, har kunnen mutane ya saba, kuma ba zan ce wa mai yin haka ba ya jin Hausa ba. Amma in akwai kalmar da ta fi dacewa, me ya sa za a wahalar da wadda ba ta dace ba? Ɓangaren farko na zangon ƙarshe na Attack on Titan, mai kashi 16 daga Disamba 2020 zuwa Maris 2021, shi aka ba kambun anime na shekara a bikin kyaututtukan Crunchyroll, dandalin kallon anime ta intanet, na Fabrairu 2022. Wanda ya ci irin wannan, ki ce gwarzon shekara, ko zakaran shekara kawai ba tare da dafin ba. Ciri tuta, yi zarra, yi fintinkau, duk suna nan.

Akwai ɗan bambanci ma tsakanin biyun. Zakara yana buƙatar gasa da abokan karawa. Gwarzo yana buƙatar wahala da aka jure. Shi ya sa gwarzo ya fi hawa kan mutum, ko kan ma'aikatan kamfanin MAPPA da suka karɓi aikin daga hannun Wit Studio suka ci gaba da shi, zakara kuma ya fi hawa kan shirin da aka jera da wasu aka zaɓa. In kina neman inda za ki sa karin maganar zakara a sharhinki, ga Bojji na Ranking of Kings, wanda ya fara fita a Oktoba 2021: ɗan sarki ne kurma, ba ya iya magana sosai, ba shi da ƙarfin ɗaga takobin manya, fadawa suna yi masa dariya a gabansa don sun ɗauka bai san abin da suke faɗa ba. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Wannan kam kamar don shi aka yi ta.

Wani mai karatu daga Maraɗi ya tambayi karin maganar da za ta dace da shirin da ba wanda ya sa rai da shi, sai ga shi ya fi manya. Ya ba da misalin Odd Taxi.

Ɗan'uwa, ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Maƙera gidan wuta ce, ga zugazugi ga gawayi. Masaƙa zare ne da auduga, ba mai kai ido can. Odd Taxi sassa 13 ne, daga Afrilu zuwa Yuni 2021, labarin Odokawa, direban tasi ɗan shekara 41 a Tokyo, wanda aka zana shi da siffar wata dabbar teku mai dogayen haure biyu, fasinjojinsa ma duk dabbobi. Mai gani zai ce shirin yara ne. Ashe labarin ɓatan wata yarinya ne, da 'yan daba, da 'yan sanda masu cin hanci, da hirarrakin cikin mota waɗanda kowace ke ɗaure da wata. Baku Kinoshita, wanda ya ba da umarni, shi ya karɓi kyautar gwanin masu ba da umarni a bikin da na ambata. Sharaɗin karin maganar dai shi ne ka ambaci maƙerar, wato ka faɗi shirin da kowa ya zuba wa ido a lokacin. In ba ka faɗa ba, rabin maganar ya rataya.

Tambayar da ta fi yawa, kuma wadda ta fi damuna, ita ce ta ɓangaren takaici. Mutum huɗu ko biyar sun turo jerin sunaye uku, Ex-Arm da zango na biyu na The Promised Neverland da Wonder Egg Priority, suna neman karin magana ɗaya da za ta rufe su duka. Wani ya ba da shawarar kallon kitse ake wa rogo.

Ba ɗaya da za ta rufe su, domin ciwonsu ba ɗaya ba ne. Mafi muni daban, mafi ba da takaici daban. Takaici ɗan tsammani ne: sai ka sa rai sannan a ba ka kunya. Kafin ka ɗauko karin magana, ka tambayi kanka abu uku. Wa ya ɗaga tsammanin, masu shirin ko masu kallo? A ina abin ya lalace, farko ko ƙarshe? Kuma wa karin maganar ke ɗora wa laifi?

Kallon kitse ake wa rogo tana ɗora laifin ne a kan mai kallo. Rogo in an fere shi fari ne tas kamar kitsen rago, amma bai taɓa cewa shi kitse ba ne. Ido ne ya yaudari mai shi. To a cikin ukun nan ba wanda ido ya yaudara haka. Ex-Arm tun daga tallarsa kowa ya ga abin da ke tafe: mutanen da aka ƙera da kwamfuta suna motsi a sandare, fuskokinsu ba sa nuna komai, a wasu wuraren ma an haɗa wanda aka zana da hannu da wanda aka ƙera da kwamfuta a hoto guda, kowa da kalarsa. Mai ba da umarnin daga finafinan mutane ya fito, bai taɓa yin anime ba. Wannan Juma'a ce da aka gane ta tun daga Laraba, sai dai ta ɓangaren rashin kyau. Abin da ya ƙara jawo masa magana shi ne kurin da aka yi a tallar, cewa shirin ya shelanta yaƙi da duk labaran kimiyya na duniya. Karin maganar kuri ita ce fankan-fankan ba shi ne kilishi ba. Mai kilishi yakan yanka nama ya shimfiɗa shi fale-fale ya shanya, sannan ya tsoma shi a labu na tunkuza da yaji da albasa, ya sake shanyawa, ya gasa. Faɗin shimfiɗar shi ne fankan-fankan, kuma shi ido ke fara gani, amma sai labu ya kama wuta ta taɓa sannan ya zama kilishi. A jerinku Ex-Arm ya shiga layin mafi muni. Bai shiga na takaici ba, don ba wanda ya sa rai.

The Promised Neverland shi ne na takaici na gaske, kuma lissafi kaɗai ya isa ya nuna dalili. Littafin zanen da aka ɗauko labarin daga ciki babi 181 ne a juzu'i 20. Zango na farko, a 2019, ya ɗauki babi 37 ya shimfiɗa su a kashi 12, wato kimanin babi 3 a kowane kashi, shi ya sa tsoro da dabarun yaran gidan marayun da labarin ya ginu a kansu suka samu wurin numfashi. Zango na biyu, daga Janairu zuwa Maris 2021, ya tunkari ragowar babi 144 da kashi 11. Da za a raba daidai, babi 13 ke nan a kowane kashi. Ba zai yiwu ba, sai aka yi ta yanka: aka cire ɓangaren Goldy Pond gaba ɗaya, wanda masu karatun littafin suka fi ɗoki, aka cire wasu manyan mutanen labarin, a mintunan ƙarshe kuma aka jero hotuna marasa motsi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowane hoto a madadin abin da ya isa kashi da yawa. A nan masu shirin ne suka ɗaga tsammani da aikinsu na farko, su ne kuma suka sauke shi. Kalmar ita ce sun watsa wa masoyansu ƙasa a ido, domin ba a watsa ƙasa sai a idon wanda ya tsaya maka. Karin maganar kuma, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tana da nauyi, don tana nufin da ba a yi zangon ba sam da ya fi. Kada ka ɗauko ta sai ka yarda da hakan har zuciyarka. A wannan shirin ni na yarda.

Wonder Egg Priority kuwa ba muguwar rawa ba ce. Sassansa na farko suna cikin mafi kyawun zanen shekarar, kuma ya taɓa batutuwa masu nauyi, 'yan mata da ke fama da rashin ƙawayensu da suka kashe kansu, don haka ba na yara ba ne. A ƙarshe ne ya warware. Abin da ya dace da masu kallonsa shi ne murna ta koma ciki. In kana son karin magana, hangen Dala ba shiga birni ba.

Wannan ya kawo mu ga wata ɗaliba daga Kano da ta ce: "Malam, na ga an rubuta sauri ya haifi nawa a kan shirin nan. Nawa ya haifa? Ban gane tambayar ba."

'Yata, ba tambaya ba ce. Kalmomi uku ne rubutunmu na boko ya haɗa su a harafi huɗu. Akwai nawa ta tambayar adadi, wasulanta gajeru, murya ta fara sama ta sauka. Akwai nawa ta mallaka, kamar littafin nawa ne, wadda ake jan wasalin farko. Sai nawa ta jinkiri, wadda ake fara ta ƙasa a ja wasalin ƙarshe, kamar a ce yaron nan nawa gare shi wajen aiki. Ta ukun ce a karin maganar: gaggawa ita ke haifar da jinkiri. Kuma wanda ya rubuta ta a kan Wonder Egg Priority ya dace. Aiki ya cushe wa masu zanen har aka cike mako na 8 da maimaicin abin da ya wuce, hakan ya cinye gurbin kashin ƙarshe, aka ɗaga kammalawar zuwa ƙarshen Yuni 2021, wata uku bayan zangon ya rufe. Da ta zo ɗin ma, kusan rabinta maimaici ne, ragowar kuma ta bar tambayoyi a buɗe. Amma kada ki ɗauki karin maganar ki kai ta kan The Promised Neverland. Can an yi sauri, ba a samu jinkiri ba, an gama a kan lokaci. Abin da saurin ya haifa shi ne giɓi.

Wani ya lura cewa kamfani ɗaya, CloverWorks, shi ya fitar da waɗannan biyun tare da Horimiya duk a zangon Janairu 2021, ya tambaya ko zai iya cewa taura biyu ba ta taunuwa. Taura 'yar itace ce mai taurin ƙwallo, guda ɗaya ma tana cika baki, don haka hoton ya zauna. Sai dai ka lura, ɗan'uwa, karin maganar nan hukunci take yankewa a kan dalili: tana cewa haɗa ayyukan ne ya jawo lalacewar. Fitowar shirye-shirye uku a lokaci guda gaskiya ce da kowa zai iya dubawa. Amma kamfanonin nan sukan raba ma'aikata rukuni-rukuni, kuma yanke labarin The Promised Neverland shawara ce ta rubutu da yawan sassan da aka ware, ba gajiyar masu zane ba. In za ka yi amfani da ita, ka tsayar da ita a kan Wonder Egg Priority inda cushewar aiki ta fito fili, ka kuma sa "da alama" a gabanta.