Zambon 'yan siyasa yana ci har yanzu, sai dai ka duba daga bakin wa ya fito

Salamu alaikum. Ƙanina da kake tambaya wai ba'a da zambon da ake wa 'yan siyasa suna da sauran amfani kuwa tunda kowa ya riga ya ƙanƙame jam'iyyarsa, to ni tela ne a Aboabo nan Kumasi a Gana sama da shekara 20, kuma a ƙofar shagona samari ke dafa ataya, ba abin da kunnena bai sha ba.

Ka tuna dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, a 2015? Keken lantarki ya zama kayan ado, ga ɗinkin sallah ya taru, ga masu kaya suna ta sintiri, ana cikin haka Shugaba Mahama ya je Botswana ya ce shi mataccen akuya ne ba a tsorata shi da wuƙa. Wallahi a wajenmu 'yan NDC ɗin, jam'iyyar Mahama, su suka fi kowa sheƙa dariya, don duhun nan bai tambayi katin jam'iyyar kowa ba, kuma ka ga yadda zaɓen 2016 ya ƙare, Mahama ya sha kaye. Haka Bawumia na jam'iyyar NPP, shi ya taɓa cewa in tattalin arziki ba ƙwari farashin dala zai tona maka asiri, da sidi, kuɗin Gana, ya zube a 2022 yana mataimakin shugaban ƙasa, yara ba su ƙara masa ko gishiri ba, bidiyon kawai suke sake kunnawa. Ga kuma kek ɗin E-levy, harajin nan da aka taɓa sa wa tura kuɗi ta waya, da aka yanka a bikin ɗan majalisar Suame na lokacin, wannan kam 'yan NPP su suka yi wa kansu.

Wanda ba ya ci shi ne zanen da ake turowa a WhatsApp, kana gani ka san yaran jam'iyya ne suka haɗa, mutanenku su yi dariya na can su ce zagi ne, shi ke nan. Dagomba da Mosi suna tsokanar juna ba faɗa saboda akwai amana tun kaka da kakanni, mu kuwa NPP da NDC ba mu da irin wannan wasan. A 2024 wani yaro ya kwaikwayi muryar Bawumia a nan, wani dattijo ya miƙe ya ce ana wulaƙanta ɗan'uwa Musulmi, aka yi ta ba shi haƙuri ya ƙi, har yau rigarsa tana rataye a shagona bai zo ya karɓa ba.